Rig Aka Ce, Ni Kuwa Riga Na Ji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tuɓe riga a gaban surukata. Da hannuna na tuɓe, ba wanda ya tilasta ni.

Ni masunci ne, a bakin kogi kusa da garin Suki. Ruwa ya ci gidana sau biyu, kwalekwale ya kife da ni, ban ce uffan ba. Amma shekara bakwai da aure ba haihuwa, wannan kam ya taɓa ni. Matata Hawwa ta ce akwai likita a Sinnar da ke duba mata da miji tare, ya ga ko wani abu wai shi hormon ne ya yi kaɗan ko ya yi yawa a jiki. Na ce to. Uwarta, Inna Asabe, ta ce da ita za a je. (Matar da ko ruwa ban taɓa sha a gabanta ba. In ta shigo ta ƙofa, ni ta bayan danga nake fita.)

Akwai abin da su biyun ba su sani ba. Ina da guru mai layu tara, na ƙarfin maza, wani mai magani a Rusairis ya ba ni. A kwalekwale nake ɓoye shi, don a gida ni ne mai cewa masu ɗaura guru ba su da aikin yi. Ran nan na ɗauro shi ƙarƙashin riga, ko gwajin zai fito da kyau.

Likita ya gama tambayoyinsa, aka zaunar da mu a benci cikin mutane. Wata sista mai aikin jinya ta zo da 'yan kwalabe biyu. Da ta ji muna Hausa sai murna ta kama ta, wai kakanninta Hausawa ne. Da a ce da Larabci ta yi mini, da na gane sarai, ai da shi nake sayar da kifi. Sai ta ce lallai sai ta gwada Hausarta.

"Baba, rig naka muke so."

"A nan?"

"A nan mana, kowa a nan yake bayarwa. Za a aika Kartum."

"Har Kartum za a kai ta?"

"Aywa, Baba."

Na ce a raina ilimi ya yi nisa, yanzu har zufar riga ake aunawa. Na miƙe, na cire ta, na ninke, na miƙa mata hannu bibbiyu. Daga ni sai wando, sai guru.

Hawwa ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa.

"La, la, Baba! Rig, rig!" Sista ta nuna bakinta.

Inna Asabe tana kallon bango ta ce, "Miyau take nufi."

Rig. Miyau da Larabci. Kalmar da na sani tun ina goyo.

Na mayar da riga a baibai. Aka ba ni kwalba, miyau kuma ya ce bai san zancen ba. Bakina ya bushe ƙarau. Hawwa ta cika tata tuni, ni ko ɗigo. Sista ta ce in tuna lemon tsami. Haka na zauna, ƙato da ni, ina tunanin lemon tsami a gaban surukata.

Muka shiga motar komawa, har muka wuce gonakin auduga. Can Inna ta yi gyaran murya.

"Baban Hawwa ma ya ɗaura irinsa," ta ce. "Ƙaiƙayi kawai ya ba shi."

Hawwa ta fashe da dariya har direba ya waiwayo. Ni ma na yi, karo na farko a gaban Inna.

Sakamako ya dawo, nawa hormon ɗin ne ya yi ƙasa. Aka ɗora ni a kan magani, na sha ban yi gardama ba. Mutumin da jama'ar Sinnar suka ga cibiyarsa, wace gardama ta rage masa?

Yanzu in 'ya'yan zamani suka yi mini magana, sai na tambaya da wane harshe aka faɗa kafin hannuna ya kai ga maɓalli.