Jif ɗin da ba ta sallama

Yau da hantsi buhun masara ya kayar da ni a tsakar gidana, a gaban matata Jamilatu da kajinta. Goya shi na yi ina zagaya rumbu. Zagayen farko lafiya lau, a na biyu ƙafata ta zame a inda aka zubar da ruwan wanke-wanke, sai ga ni a ƙasa, buhu a kaina. Maƙwabcina Alhaji Maikuɗi ya ɗaga murya daga bayan katanga yana tambaya ko rumbu ne ya rushe. Na ce masa atisaye nake yi. Ya ce a shekaruna atisayen da ya dace da ni shi ne takawa zuwa masallaci. Ya san dalili sarai, tsokana ce kawai irin tasa. Ku ne ba ku sani ba, masu karatu, cewa wata sabuwar jif ce ta jawo mini wannan wahala, ni da ban taɓa mallakar abin hawa da ya wuce ƙafa biyu ba.

Ƙauyenmu, Unguwar Ɗanmaliki, yana can bayan Kwanyawa. Tsakaninmu da titin kwalta akwai rafi, a kan rafin akwai kwalbati, ko in ce akwai wurin da kwalbati ya taɓa zama. Ruwa ya tafi da shi da daɗewa, har wasu sun fara kwatancen wurin da gindin wata bagaruwa. Da rani babu damuwa, mota ta gangara cikin yashi ta haura abinta. Da damina kuwa na ciki yana ciki, na waje yana waje, sai wanda zai iya naɗe wando ya ratsa ruwa.

Mahaifiyata, Inna Hajo, tana fama da hawan jini. Duk wata sai ta je asibiti a Karaye an auna ta an ba ta magani. Bara da rafi ya cika, ni na goya ta na tsallakar da ita, mutane suna tsaye a gaɓa suna ta yi mana sannu. To ni ne ɗanta na fari. Tunda na zo duniya ba ta taɓa kiran sunana ba, "wancan" take ce mini, in kuma magana ta kama dole sai ta kalli bango ta yi ta. Ku auna wannan tsohuwa a bayan wancan ɗin, a bainar jama'a. Da muka dawo ta gaya wa Jamilatu cewa ba za ta sake ba, gara ta haƙura da maganin har ruwa ya janye. Na san halinta, ba ta magana biyu. Shi ya sa bana na ɗaura aniyar sai an gyara kwalbatin nan kafin ruwan farko, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji.

Muna da babban mutum a yankin nan. Ba zan faɗi sunansa ko kujerarsa ba, ina da iyali. Mu dai Mai Girma Za-a-duba muke ce masa, don duk abin da ka kai masa, daga rijiya har rufin aji, amsar ba ta canzawa. Yana da lambun mangwaro a bayan ƙauyenmu, kuma duk Asabar ɗin rani yakan ratso ta tsakiyar gari ya je can. Wannan kam da kansa yake duba shi, Allah ya ƙara masa himma.

Tsohuwar jif ɗinsa mai shan dizal ce, kuma ni har gobe ina yi mata addu'a. Tun tana haurowa daga rafi za ka jiyo gurnaninta har ƙuryar ɗaki. Kafin ta iso gindin darbejiya dattawa sun sa hula sun jeru a bakin hanya. A nan kuwa ko kai wane ne ba ka wuce dattijo yana gaishe ka. Dole ya tsaya, ya sauke gilashi, a yi gaisuwa har a tambayi mutanen birni da gajiyar hanya, sannan a kawo maganar kwalbati, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce za a duba. Ba a gyara komai ba, na yarda. Amma muna ganin idonsa, shi ma yana ganin namu, kuma salansar motar nan ita ce ofishin karɓar koke guda ɗaya da ya taɓa yi mana aiki.

Bana dattawa suka ce tunda ni nake rubutu a jarida, ni zan yi magana da yawun gari. Ranar Asabar na ciro babbar rigar Sallah, na haddace jawabi har da gabatarwa, muka zauna a zauren Alhaji Maikuɗi muna kasa kunne. Mu da muka saba da jin mota tun daga rafi, wa zai je ya tsaya a rana yana gadin hanya? Muka yi azahar, muka yi la'asar, ba mu ji komai ba sai kukan kurciya da injin niƙa. Ina cikin cewa yau Mai Girma bai samu zuwa ba, sai ga Lukumanu, direban motar haya da ke jigila tsakanin Karaye da Kano. Ya jawo ni bakin hanya ya nuna mini sawun taya sabo fil a kan yashi, na zuwa da na komawa.

Shi ya yi mana bayani. Ya ce an canza wa Mai Girma mota, sabon samfurin jif ɗin nan aka sayo masa, kuma wannan 'yar ruwa biyu ce, fetur da batir. In tana tafiya a hankali injin barci yake yi, batir ne ke jan ta, ba ka jin komai sai dai ka ga ƙura. Wato mutumin ya ratsa ta ƙofar zauren da muke zaune sau biyu, ni ina ciki da babbar riga ina maimaita jawabi.

Da yamma majalisa ta rabu gida biyu. Alhaji Maikuɗi, wanda ke da tsohuwar a-kori-kura mai dizal da yake kai masara kasuwar Rogo, ya ce shi motar da ba ta ƙara bai yarda da gaskiyarta ba. Ya ce dizal shi ne mota: ta ja kaya, ta haura yashi, in ta lalace kowane bakanike a Rogo Sabon Gari zai tayar da ita da sifana da ɗan zagi. Wannan mai batir kuwa in ta yi fushi sai an ɗauke ta a kan wata motar an kai ta Kano an jona mata kwamfuta. Lukumanu ya tambaye shi yaushe rabon da ya cika tankinsa. Ya ce dizal ya yi tsadar da a-kori-kurar ta fi kwana a gindin bishiya fiye da kan hanya, ita kuwa 'yar ruwa biyu kurɓar mai take yi kamar mai shan shayi da zafi, mai ita ba ya wuni a layin gidan mai yana rigima da masu jarka.

Daga nan suka koma kan fasalinta, Lukumanu ya buɗe hotonta a waya ana miƙawa hannu-hannu. Alhaji ya ce an tsuke mata fitilu kamar idon mutumin da ba ya so ya gaishe ka, an sauke mata ciki ƙasa, an kuma cire tayar da ake rataya mata a baya, wadda a wurinsa ita ce kwarjinin jif. Lukumanu ya ce ai cikinta ne abin kallo: allo kamar farantin tuwo, kujera mai hura wa bayanka sanyi, da kyamarar da ke nuna wa direba gaba da baya da gefe. Alhaji ya tambaya ko kyamarar tana nuna kwalbati. Lukumanu ya ce abin da yake akwai kawai take nunawa.

Suka juyo kaina wai in raba gardama. Na ce ni ai tuni na koma ruwa biyu, don babur ɗina rabi fetur ne rabi turi, kuma in ina tura shi babu wanda ke jin ƙararsa sai nishina. Amma na yaba wa manyanmu. An ce don a rage ɓarnar dukiyar jama'a a kan mai aka sayo motar, kuma lallai mutum sai ya ƙaunaci tattali ƙwarai kafin ya kashe abin da zai gina mana kwalbati, har da na maƙwabta, don ya rage shan fetur ranar Asabar.

Asabar ta gaba muka daina dogara da kunne, muka fito muka tsare hanya da ido. Rana ta gasa mu har ladan ya kira azahar. Muka shiga masallaci, muka fito, sai ga sawun taya. Ashe motar ba shiru kaɗai ta iya ba, har lokacin salla ta sani.

Duk wannan Inna tana ji. Gidanta yana daidai inda hanya ta matse tsakanin katangarta da ta Alhaji Maikuɗi, kuma tana da awaki. Ban ce da gangan ta zuba harawar wake a tsakiyar hanya ranar Asabar ta uku ba. Na dai san tunda nake ban taɓa ganin ta ba awaki abinci a waje ba.

Da muka idar da azahar muka fito, sai muka hangi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ga jif a tsaye tana sheƙi, ga awakin Inna kwance a gabanta suna tuƙa. Da tsohuwar motar ce, tun daga rafi sun watse, amma wannan ba su ɗauke ta mota ba, ina jin inuwa suka zata. Direban ya fito da kaftaninsa mai guga, ya tsuguna yana lallashin babbar akuyar cikin raɗa, yana jan kunnenta a hankali. Ga oda a motar amma ba halin dannawa, don in ya danna gari zai fito. Motar da ta fi gidajen ƙauyenmu tsada a haɗe, akuya ta tsare ta, kuma ba ta da bakin yin magana.

Muka taka a natse muka jeru. Gilashi ya sauka, sanyi ya bugo mu, Mai Girma ya washe baki ya ce ai dama mu yake nema. Aka yi gaisuwa mai tsawo. Na buɗe baki zan fara jawabi, gabatarwar ta gudu ta bar ni. Sai muka ji muryar Inna daga bakin ƙofa, ta ja mayafi har goshi.

"Ranka ya daɗe, ni ba don ado nake son kwalbatin nan ba. Bara wancan ne ya goya ni a gaban mutane. Kai ma uwa ce ta haife ka."

Mai Girma ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai.

"Inna, wannan karon da kaina zan duba."

Alhaji Maikuɗi ya taɓa ni ya ce in lura, lafazin ya canza. Ni ma na yarda, wallahi har raina na yarda. Inna ta kira awakinta, suka tashi, jif ta wuce ba a ji ta ba.

Mako bai zagayo ba sai ga gireda. Shekara da shekaru ana ce mana babu ita, in akwai ta babu dizal, in akwai dizal direbanta ya tafi biki, amma ga ta da ranta tana gurnani daga wajen rafi. Jamilatu ta rangaɗa guɗa, dattawa suka sa hula. Gireda ta gangara yashi, ta haura, ta wuce ramin kwalbati ko waiwaye babu, ta karya hagu. Kafin mu gane abin da ake ciki ta share sabuwar hanya ta bayan gari, santala, tun daga rafi har ƙofar lambun mangwaro, ba ta ratsa ta gaban akuya ko dattijo ko ɗaya ba. A yi wa mutumin adalci, ya cika alkawari. Ya duba da kansa, ya gano inda matsalar take, kuma ya magance ta cikin gaggawa.

Alhaji Maikuɗi ya ce wa Lukumanu ya gani ko, in aiki ya tashi dizal ake kira. Lukumanu ya ce amma ai 'yar ruwa biyu ce ta kawo giredar. Har yanzu da nake wannan rubutu ba su gama ba.

Shekaranjiya hadari ya haɗu a gabas, iska ta kawo ƙamshin ƙasa. Na shiga gaishe da Inna, na tsuguna a bakin ƙofa, Jamilatu tana ciki tana tankaɗe mata gari. Can Inna ta juya ta kalli bango.

"Jamilatu, ki tambayi wancan, ciwon bayan nasa na bara ya warke?"

Na ce a gaya mata ya warke. Na tashi na zagaya bayan rumbu na daɗe a tsaye, don ba na so a ga idona. Na ji daɗi za ta ci gaba da shan maganinta. Na kuma ji takaicin da ban taɓa ji ba, cewa tsohuwar da ba ta magana biyu ta haɗiye maganarta saboda ramin da gireda ta wuce ta gefensa.

To masu aiko mini da tambaya wai dizal ko mai batir, ku yi haƙuri, ni ba mai mota ba ne. Jif ɗin da Inna za ta hau bana tuwo take sha da ɗan man zafi, kuma samfurin ya tsufa, ba a sake fasalinsa ba. Ranka ya daɗe, in damina ta kankama ka jiyo gurnani daga wajen rafi har can birni, kada ka sa a ɗaga gilashi. Ba tsohuwar motarka ce ta dawo ba, gwiwata ce.