Ranar da Kaka Ta Leƙa Cikin Inji

"Sannu da hutawa, mai mota," in ji tsohuwar, tana dogara sanda a bakin garejin. "An ce mini mijina ya tare a nan, na ce bari in zo in ga sabon gidan."

Tela ya ɗago kai daga bencin da ya yi tagumi a kai. Kakarsa ce, uwar babansa, wadda tun yana rarrafe take kiransa maigida, shi kuma yake ce mata amarya.

"Yawwa, amarya. Wa ya sako ki? Na zaci gwiwar ta hana ki fita."

"Gwiwata ta kawo ni har nan da kanta. Taka motar turo ta aka yi."

Bara ya sayi 'yar ƙaramar motar, ta hannu, don ya riƙa kai ɗinki. Yanzu ga kayan makaranta da ya ɗinka wa wata firamare a bayan gari jibge a kujerar baya, hutu ya kusa ƙarewa, shugabar makarantar kuma ta ce in bai kawo kafin a koma ba za ta nemi wani telan. Da safe yana hawa gada sai tururi ya turnuƙe gaban motar, ta yi tari, ta mutu.

Tsohuwar ba ta nemi wurin zama ba. Ta nufi inda bakanike ya ɗage murfin injin motar, ta gaishe shi, ta tura kai ciki. Ta ce duk tsawon rayuwarta tana shiga mota, amma ba ta taɓa ganin hanjinta ba. Ta nuna wannan da sanda, ta nuna wancan. Bakaniken, wani dattijo mai haƙuri, ya bi ta da bayani. Ya nuna mata lagireto, ya ce shi ne ke sanyaya inji, kuma ya tsage yana yoyo. Fankar da ke bayansa ta daina juyawa. Kuloci ya cinye, shi ya sa motar ke ihu a kan tudu ba ta gaba. Ga birki ya siɗe, ga shokozoba mai tare girgiza ta saki, ga salansa mai fitar da hayaƙi an ɗaure da waya.

"To me ya rage mai lafiya?" ta tambaya.

"Rediyo," in ji bakanike.

Ta juyo ta dubi jikan nata daga sama har ƙasa. "Ashe rediyo ka saya, aka ba ka gyaran tayoyi."

"Ke da kike zaune gaba kina ɗaga wa ƙawayenki hannu? Nauyinki ne ya karya shokozobar."

"Ni da iska ke ɗauka? Tumbinka dai. Tun da ka fara samun ɗinki wuyanka ya ɓace."

Ya yi murmushin dole, don zuciyarsa na kan kuɗi. Bakanike ya riga ya yi masa lissafi: in za a sa komai sabo, ribar ɗinkin makarantar gaba ɗaya ba za ta isa ba, sai ya haɗa da keken ɗinkinsa guda. Tela ya gaya wa kakarsa haka da murya ƙasa-ƙasa, ya ce yana tunanin ya sayar da motar ko nawa aka taya.

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta koma kan bakanike da tambaya. Shin lagireton ba a liƙe shi? Ya ce ana liƙewa, kuma kuɗin liƙin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na sabo ba, sai dai ba ya daɗewa sosai. Fankar fa, ta mutu ne ko suma ta yi? Ya taɓa wayoyin, ya ce da alama fis ne ya ƙone, abin da bai fi kuɗin burodi ba. Ta tambayi dalilin da kuloci ya fi komai tsada. Ya ce kayan ba su ne matsalar ba, aikin ne, don sai an sauke giyabos kafin a kai gare shi.

"Yanzu gaya mini gaskiya, ɗana," ta ce. "A cikinsu wanne ne ke kashe mutum, wanne ne ke ba shi kunya kawai?"

Bakanike ya yi dariya. Ya ce birki ne ke kisa, lagireto kuma ke kashe inji. Kuloci zai iya lallaɓawa na ɗan lokaci in direba ya daina ɗora ƙafa a kansa. Shokozoba da salansa kuwa kunya ce kawai.

"To a bar masa kunyar, ya saba da ita. Na san shi tun yana yawo ba wando."

"Ni ma na san ki tun kina da haƙora," in ji Tela.

"Sun tafi ne wajen tauna maka nama, marar godiya."

Tana magana idonta na kan wasu 'yan rigunan makaranta da aka shanya a igiya a bayan garejin, duk sun koɗe, ɗaya ma ta yage a hammata. Ta tambayi bakanike ko na 'ya'yansa ne. Ya ce na 'yan matansa ne su uku, yana ta son ya sake musu kafin a koma makaranta, abin bai samu ba. Tsohuwar ta dubi bakanike, ta dubi Tela, ta dubi tulin ɗinkin da ke kujerar baya.

"Kai kana da allura, shi yana da sifana, kun zauna kuna kallon juna kamar surukai."

Nan take magana ta daidaita. Tela zai sayi takalman birki da fis, bakanike ya liƙe lagireto ya yi aikin hannu, a madadin haka a ɗinka wa yaran kayan makaranta. Kuloci kuma sai an biya Tela kuɗin kwangilarsa.

Ta zauna a kan wata tsohuwar taya tana kallon aikin, tana tambayar sunan kowane ƙarfe, tana maimaitawa a karkace. Da la'asar bakanike ya cika lagireto da ruwa, ya ce a tayar a gani.

Tela ya zaro makulli, sai ya ga tsohuwar ta riga ta buɗe ƙofar direba tana shafa sitiyari.

"Wannan ramin ne ake sa makullin?"

"Amarya, rufa mini asiri. Yanzu aka gyara ta."

"Wa ya gyara ta, in ba ni ba?"

Dariya ta ƙwace masa har ya dafa ƙofa. Ya leƙa ya tabbatar giya na firi, ya ja birkin hannu, sannan ya ɗora mata makullin a tafin hannu.

"Na sallama. Murɗa dama, a hankali."

Ta yi bisimilla, ta murɗa. Injin ya kama, salansa ta yi ƙara, fanka ta fara juyawa. Tsohuwar ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta gyara zama, ta dube shi ta taga.

"Shiga baya, yaro. Ka zauna kusa da kaya."