Dariyar da Darakta Ya Yanke

"Lafiya lau, ban da ciwon idon da fim ɗinka ya sa mini," in ji tsohuwar, tun jikanta bai gama gaishe ta ba.

Darakta ne shi, ta same shi a ɗakin tace fim, saura kwana uku a fara haskawa. Wasan da ya mayar fim, ita ta fito a cikinsa a dandamali shekara arba'in da suka wuce, a matsayin bazawarar da mai wa'azin gari ya nema ta ƙi shi, ya hau mumbari ya ce mayya ce, mabiyansa suka kore ta.

"Wa ya nuna miki, ke da ba kya bambance allo da bango?"

"Ƙanwarka, a waya. Wai waccan ce ni? An tsoma yarinya a buhun hoda, ta durƙusa tana riƙe ƙafar munafuki!"

"Kishi ne kawai, don ita tana da haƙora."

"Da nawa haƙoran na yi masa dariya a gaban jama'arsa. Ina dariyar take?"

Ya sosa ƙeya. An ɗauki dariyar, shi ya yanke ta da hannunsa bayan wasu masu zafin addini sun aiko masa cewa in ya bar ta za su far wa gidan sinima.

"Zamani ya sake, tsohuwa. Mutanen nan ba sa wasa."

"Na zamaninmu wasa suke?" Ta ture ɗankwali ta nuna tabo a goshi. "Dutse ne wannan, ina kan dandamali aka jefe ni da shi. Na share jini na ƙarasa maganata. Kai kuwa saƙon waya ya sa ka gudawa. Wai miji! Ba ni takardata, na gaji da auren matsoraci."

"Wa zai kwashe ki? Ko mai wa'azin fim ɗin da ba ya ƙyale mace, in ya gan ki sai ya tuba da gaske."

"To ka ga na fi fim ɗinka amfani."

Bai san sanda dariya ta ƙwace masa ba. Ya daɗe yana kallon tabon, sannan ya tashi ya tura mata kujerarsa.

"Na sha kaye. Zauna ki nuna mini inda zan mayar da ita."

Ta zauna tana gyara mayafi. "In sun zo, ka ɓuya a bayana. Amma kada ka jiƙa mini zane."