Ranar da Na Yi wa Sarewar Baƙo Wanka

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe sauran tunanina, da ranar da jikana Usama ya gayyato maigidansa cin tuwo gidanmu a unguwar Hindawiyya. Mutumin ɗan Caina ne, shi ke riƙe da sito a unguwar Khumra, kuma a makon ne zai sa hannu a sabunta wa yaron iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar nan.

Ya zo da sarewa biyu na gora, wai zai yi mana busa bayan abinci. Ya ajiye su a falo, suka fita sayo lemo.

To, ni ba na ganin ƙazanta in wuce. Na duba doguwar, tas take. Na duba gajerar, sai ga rami ɗaya a toshe da wani farin tantani. Na ce Allah sarki, namiji ba mace a gida, har gizo-gizo ya yi masa yana a sarewa! Na sa tsinken tsintsiya na huda, na kankare, na goge da tsumma mai sabulu. (Har turare na yi mata, don a san gidan mutunci ta kwana.)

Da aka ci aka sha, ya ɗauki doguwar a tsaye. Usama na fassara mini: sunanta shiyao, ba ta da tantani, shi ya sa muryarta ke sanyi kamar kukan kurciya. Ya ɗauki gajerar a kwance, wai ita dizi ce, duk zaƙin muryarta da karkarwarta daga wata 'yar fata suke, siririya, da ake cirowa daga cikin kara.

Sai na tuna da tsinken tsintsiyata.

Ya hura. Fuuu. Ya sake hurawa. Fuuu, kamar mai fifita shayi.

"Ya Sitti," in ji Usama, haka yake cewa kaka da Larabci, "wa ya shiga falon nan?"

Na ce, "Gizo-gizo."

"Wallah? Gizo-gizo mai sabulu?"

Baƙon ya shinshina sarewa, ya dube ni, ya yi dariya har da hawaye. Sai ya ce a kawo tafarnuwa. Na ce halas, shi ke nan, na haukata bawan Allah. Ashe ruwanta ake shafawa a manna sabuwar fata, yana da wasu a aljihu. Ya manna, ya busa, maƙwabta har suka leƙo.

Iƙama ta fito. Amma har yau, duk lokacin da ya aiko gaisuwa, sai ya ce a tambayi Hajiya ko tana da lokaci, motarsa ma na son wanka.

Tun daga ranar, in na ga datti a kayan baƙo, sai in yi masa sannu da zuwa in wuce.