Dawar Baba a Ikko

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na koya wa mahaifina kasuwanci ba, ni da ko akuya ban taɓa sayarwa ba. Zamanin kuɗin mai ne, ina masinja a wani ofis a Ikko. Wata rana a Agege na ga wani Bahaushe yana awon dawa da gwangwanin madara. Da na gwada kuɗinsa da na tiyar dawa a kasuwar Ƙanƙara, kaina ya ɗau zafi.

Na zo hutu garinmu Daudawa da wando mai faɗin ƙafa, na tsaya a zaure ina yi wa dattawa lacca: dawa a Faskari kaza, a Sabuwa kaza, a Ikko kuwa zinariya ce. A gidanmu akwai rumbun da ba a buɗewa sai damina ta yi nisa, shi ne abincinmu kafin sabon hatsi. Shi na sa wa ido.

"Wanga rumbu ba na saidawa ba ne," in ji Baba.

Na ce, "Baba, duniya fa ta ci gaba." (Har da gyara tabarau, alhali lafiyar idona lau.) Don kada ya kunyata ɗansa ma'aikaci gaban mutane, ya ce a buɗe. Na ɗure dawar a buhuna, na loda a mota, sai Ikko.

Abin da ban tambaya ba shi ne, wa ke cin dawa a Ikko? Jiragen ruwa sun cika gari da shinkafa, ita kowa yake yayi. Mutumin Agege ashe buhu ɗaya yake ta fama da shi, masu koko kawai ke saya. Ruwa ya jiƙa buhunana, suka yi hunhuna. Abin da na samu ko kuɗin mota bai mayar ba.

Da damina na dawo, mota ta sauke ni a Sheme ranar kasuwa. Sai ga Baba, mutumin da bai taɓa sayen hatsi ba a rayuwarsa, tsugune gaban mai awo yana roƙon gyara. Na juya zan sulale, mai awon ya hango ni.

"A'a, ga na Ikko! Yau nawa take can?"

Rumfa ta kwashe da dariya, ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya ɗaure bakin ɗan buhunsa, ya ce, "Taho ka ɗauka, ba ta da nauyi."

Har yau maganar nan tana cina. Yanzu in aka ce mini abu na tsada a wani gari, sai in ce Allah ya ba su haƙuri, in ci gaba da cin tuwona.