Katako Mai Ƙishirwa

Wani ne a nan Tolú, can layin da ke bayan kasuwar kifi. Kada ku tambaye ni sunansa, ba zan faɗa ba, matarsa da matata coci ɗaya suke zuwa. Kai Nicanor, kife 'ya'yan wasan dominonka tukuna, ina ganinka kana leƙen hannun Wilfrido.

Mutumin nan malamin ofis ne, tun da aka haife shi bai taɓa riƙe guduma ba. Ga tausayin tsiya. Kaza in ta kwana uku a gidansa ta tsira daga tukunya, don ya riga ya raɗa mata suna.

A bayan gidansa akwai dandamalin katako mai kallon teku, tun na mahaifinsa. Rana ta gasa shi, iskar gishiri ta cinye shi, ya yi fari fat, duk ya tsattsage. Ƙusoshi sun ɗago kai. In ka taka babu takalmi, ranar sai ka wuni kana cire sartse.

To 'yarsa Yuleidis za ta cika shekara sha biyar, saura mako biyu. Kun dai san yadda ake yi: uba ya durƙusa ya sa wa 'yarsa takalmi mai tsini, ya miƙe su yi rawar farko, gwaggwanni na share hawaye. Shi kuwa tun yarinyar tana rarrafe yake cewa a kan dandamalin nan za su yi tasu rawar.

Matarsa, Doña Yolima, ta ce, "A kan wannan? Tsinin takalminta ya shige rami ta kife a gaban jama'a? Gidan Yaya Dago za mu kai bikin."

Dago yayan matar ne. Yana da tsakar gida shafe da tayil, yana da tumbi, yana da kwalbar giyar rake da ba ta rabuwa da hammatarsa. Ya daki kafaɗar mutumin ya ce, "Kawo bikin gidana, suruki. In rawar ma ta fi ƙarfinka, sai in yi maka."

Kai, maganar nan ta soke shi. Ranar ko abincin rana bai ci ba. Ya ce wa matarsa, "Da raina wani zai yi rawa da 'yata? Ki ba ni zuwa Juma'ar jajibirin biki." Ta ce ta ba shi, amma ko awa ɗaya ba za ta ƙara ba.

Sai ya kira Maestro Eladio. Kun san shi ai, tsohon kafintan nan mai fensir a bayan kunne. Aiki kam ya iya, ba wanda zai ce a'a. Matsalarsa ɗaya ce, da katako yake hira, mutane kuwa sai dai su tsinci abin da ya faɗo.

Ranar Litinin Maestro ya zo. Ya zaga dandamalin, ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can. Ya buɗe gorar ruwansa ya ɗiga ɗigo uku a kan falanki. Kafin ka ƙifta ido katako ya zuƙe su.

Maestro ya girgiza kai. "Ka gani? Ƙishirwa yake ji. Shekara nawa rabon da a ba shi ya sha?"

Mutumin ya ce, "Sha? Maestro, dama yana sha?"

"Shekara nawa, na ce."

"Tun rasuwar Baba ban... shekara tara ke nan."

"Shekara tara! Shi ya sa ya tsattsage haka, bawan Allah."

Mutumin ya ji kamar ya nutse. Shekara tara yana zama a kan abu yana kurɓar kofi, ashe abin yana ƙasa yana haɗiyar yawu.

Maestro ya danne ƙusoshi, ya canza falanki biyu da suka ruɓe, ya kunna injin feshi ya wanke dandamalin tas. Da zai tafi ya ce, "Alhamis zan dawo in goge shi da samfefa, in ba shi ya sha. Hannu biyu zan yi masa." Wato shafi biyu na man katako, kamar yadda masu sana'ar suke faɗa. Ya hau babur ya tafi. Maganar a bar shi ya bushe kuwa bai yi ta ba, don a ganinsa ko jaki ya san wannan.

Mutumin ya tsaya yana lissafi. Litinin zuwa Alhamis, a cikin zafin nan na Janairu? Wanda ya yi shekara tara da ƙishirwa, a ƙara masa kwana uku? Haba, ai da rashin imani.

Washegari da sassafe ya jawo tiyo. Ya bi falanki ɗaya bayan ɗaya yana ba su. "Sha, ɗan'uwa. Sha a hankali kada ka ƙware. Ka yafe mini, ban sani ba." Da rana ya ƙara. Da yamma ya ƙara. Laraba ma haka. Ranar Alhamis ya yi sammako ya ba shi na safe, don kada Maestro ya zo ya same shi a galabaice ya sake yi masa faɗa.

Maestro ya iso da galan ɗin mai da buroshi. Ya ɗora tafin hannu a kan falanki, ya ɗauke, ya ɗaga kai ya kalli sama. Ko ɗigon gajimare babu.

"An yi ruwan sama a nan?"

"Ruwan sama a Janairu, Maestro?"

"To me ya sa yake gumi?"

Mutumin ya matso. "Gumi yake yi?"

"Taɓa ka ji. Shekara talatin da biyar ina wannan aiki, ban taɓa ganin katakon da ya kwana uku a rana yana gumi ba. A haka ba zai karɓi magani ba. Sai Litinin."

"Magani? Abin har ya kai ga magani?"

"To da me na zo yi?" Maestro ya ɗaure galan a babur ya kama hanya.

Nicanor, rufe bakinka ƙuda zai shiga, ai ba a fara ba tukuna.

Mutumin ya zauna ya haɗa ɗaya da ɗaya. Ƙishirwa, gumi, magani. Zazzaɓi ke nan, ba tantama. Shi kuwa ya san abin da kakarsa take ba su in zazzaɓi ya kama su, irin wanda ake ba kowa a garin nan: ruwan mazarƙwaila mai zafi da lemon tsami, sannan a lulluɓe ka da bargo.

Ya je kasuwa ya sayo curin mazarƙwaila shida da lemon tsami rabin kwando. Ya ɗora babbar tukunyar da ake dafa romon biki. Doña Yolima ta leƙo ta ce, "Wa za ka shayar da wannan duka?"

Ya ce, "Umarnin Maestro ne. Ke dai ki yi addu'a."

Da ya dahu ya juye a bokiti, ya bi dandamalin yana kwararawa da ludayi. Ya kwaso barguna da zannuwan gado, har da labulen falo, ya lulluɓe shi ruf, ya danne gefuna da duwatsu don kada iska ta shiga. Safe da yamma yana ɗaga bargo ya sa bayan hannu ya ji ko zafin ya sauka. Zafi kuwa sai ƙaruwa yake, ai rana ce take dukan bargo. Sai ya ƙara ludayi.

Ranar Lahadi Dago ya biyo bayan coci, kwalba a hammata. Ya kalli barguna ya ce, "Suruki, wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. Yana samun sauƙi."

Dago ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Yana fita ya wuce wajen masu ba da hayar kujeru ya ce a rubuta adireshin gidansa.

Litinin Maestro ya dawo. Ya tsaya a bakin dandamali ya dubi barguna. Ya kama gefen bargo ya yaye.

Jama'a, tururuwa! Baƙaƙe, jajaye, masu fuka-fuki, har da waɗanda ba 'yan garin nan ba. Dandamalin gaba ɗaya motsi yake. Maestro ya ja da baya yana kakkaɓe wando, takalminsa ɗaya ya manne a katako ya fito da safa.

Ya durƙusa ya dangwali falanki da yatsa, ya kai baki. Ya sake dangwala.

"Zaƙi," ya ce. "Katakon nan zaƙi gare shi."

Mutumin ya dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Maestro, kada ka ɓoye mini. Ciwon suga ne?"

Maestro ya cire fensir daga bayan kunne ya kalle shi, kamar mai tunanin inda zai soka. "Me ka ba shi?"

"Ruwan mazarƙwaila ne kawai, da ɗan lemo."

"Kafin nan fa?"

"Ruwa zalla. Sau uku a rana, ban taɓa fashi ba. Kai ka ce ƙishirwa yake ji."

Maƙwabta sun ce ihun da Maestro ya yi, masunta sun ji shi a cikin kwalekwale. "Mai! Mai zai sha, ba ruwa ba! Sai ya bushe ƙarau sannan ya sha mai! Kwana huɗu ina zargin kaina, har na je an duba mini ido!"

Doña Yolima ta fito ta ga labulenta a ƙasa tururuwa na biki a kai. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi ihu tsoro. Ta ce, "Juma'a. In ba haka ba, Yaya Dago ya riga ya kai rigarsa guga."

Mutumin ya riƙe hannun Maestro, idonsa ya kawo ruwa. "Maestro, 'ya ɗaya gare ni. Sau ɗaya za ta cika sha biyar."

Tsohon ya yi tsaki, amma ya kunna inji. Ya sake wanke dandamalin tun daga farko har sai da tururuwar ƙarshe ta yi hijira. Da ya gama ya naɗe tiyon gidan ya ɗaure a baburinsa. Ya kwance kan famfon bayan gida ya jefa a aljihu.

"Saurara da kyau. Ba ruwa. Ba shayi. Ba romo. Ko yawu ka tofa a nan sai na sani."

"Ko ɗan kurɓi da rana tsaka?"

"Ko ɗigo!"

Kwana ukun nan mutumin ya sha wahala fiye da katakon. Ya ɗauki hutu a ofis ya kafa kujera a gefe yana gadi. Tsuntsu ya zo wucewa sai ya kore shi da hula. In ƙishirwa ta kama shi, sai ya zaga bayan bishiyar mangwaro ya sha a ɓoye, wai kada katakon ya gani ransa ya biya.

Alhamis Maestro ya taɓa falanki ya ce, "Yauwa." Ya goge shi da samfefa, ya yi hannu na farko. Katako ya zuƙe mai kamar bai taɓa gani ba. Juma'a ya yi hannu na biyu. Dandamalin ya koma jajawur yana sheƙi. Doña Yolima ta zo ta kalla sama da ƙasa, ta ce a je a gaya wa masu kujeru su canza adireshi.

Asabar da yamma gida ya cika. An gayyato Maestro, yana gefe da kwanon romon kifi da rogo. Mutumin ya durƙusa ya sa wa Yuleidis takalmi mai tsini, ya miƙe suka yi rawarsu. Ya taka mata ƙafa sau huɗu, amma tsini bai shiga rami ba ko sau ɗaya. Ya yi kuka har ya fi gwaggwannin.

Dago kuwa baƙin ciki ya sa tun rana yake ɗaga kwalba. Da aka gama tafi sai ya taso yana tangaɗi, da rigarsa mai guga, wai zai yi jawabi. "Surukina mai jinyar katako," ya fara, "wanda ya lulluɓe..." Sai ƙafarsa ta harɗe. Kofin da ke hannunsa ya tuntsure a tsakiyar dandamali.

Kowa ya zuba ido. Giyar ta tsaya a kan katako ƙwallo-ƙwallo, tana gangarawa, ko ɗigo bai shiga ba.

Mutumin ya zube a gwiwa yana kallo. "Maestro! Maestro, zo ka gani, ya ƙi sha! Jikin ne ya tashi?"

Maestro ko ɗago kai bai yi daga kwanonsa ba. "Lafiyarsa ƙalau. Aikin man ke nan. Duk abin da na yi wa hannu biyu, ko me ka zuba masa ba zai ƙara sha ba sai bayan shekara biyu."

Mutumin ya miƙe a hankali. Ya kalli katako, ya kalli Dago da ke laluben kwalba a ƙarƙashin kujera.

"Maestro, in man ya rage, don Allah yi wa surukina hannu huɗu."