Yadda Za Ka Ɓoye Rediyon Oba-oba A Motar Matarka

Malam, gyara zama. Idan kana cikin masu oba-oba, wato mu da muke hira da juna ta iska da lasisinmu a aljihu, kuma ba ka da mota amma matarka tana da ita, to kakarka ta yanke saƙa. Bi matakan nan bi da bi. Ina ba ka tabbaci, kafin wata ya ƙare za a riƙa jin labarin gidanku a wuraren da ƙafarka ba ta taɓa takawa ba. Ni na gwada, kuma ina da shaidu goma sha ɗaya.

Mataki na 1: Bari a wulaƙanta ka tukuna

Ba a fara babban aiki sai da ciwon rai. Ni shekara talatin na yi ina karanta mitar ruwa gida-gida, sannan na yi ritaya. Motata ta riga ni ajiye aiki. A ƙungiyarmu mu goma sha biyu ne, har da tela da mai kantin magani da bakanike, muna haɗuwa duk Asabar da yamma a bayan garejin bakaniken. Kowa da mota da eriya a kanta, ni kaɗai nake zuwa a ƙafa, riƙe da lasisin da na samu a zama na uku.

Shugabanmu Gajeren Zango muke ce masa, don sai ya ɗora matashi a kujera kafin ya hango titi. Wata rana ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Mai Mita, kai a wace tasha ake samunka?"

Na ce, "Ƙofa ake ƙwanƙwasawa."

Har mai shayin da ke gefe sai da ya dara. Samu irin wannan ranar, ka riƙe ta a zuciya.

Mataki na 2: Kwatanta kamfanoni kamar gwani

Kada ka kira kamfani da sunansa. Gwani da tambari yake magana. Uku ne a kasuwa.

Akwai mai Shaho. Sabon nasu zai fito ƙarshen shekara, kuma shekara uku ke nan zai fito ƙarshen shekara. An ce fuskarsa tana cirewa, ka manna ta kusa da sitiyari, gangar jikin ka jefa a but ɗin mota. Ba wanda ya taɓa ganinsa sai a hoto, a hoton ma hannun wani ya rufe rabinsa. Yabe shi sosai. Rediyon da bai fito ba bai taɓa lalacewa ba.

Akwai mai Kunkuru. Ya fi batirin mota nauyi, in ka sa shi a gefe ɗaya motar sai ta riƙa tafiya kamar mai ciwon kwankwaso. Amma ba ya mutuwa. Na Gajeren Zango gadonsa ya yi wurin kawunsa. Sabon da za su fitar bana daidai yake da tsohon, sai maɓalli ɗaya da suka ƙara, har yau ana gardamar aikinsa.

Sai mai Walƙiya. Ƙarami ne, bai fi sabulu biyu ba, duk wata uku suna fitar da sabo. Yana ɗaukar zafi, littafin bayaninsa kuma kamar wanda ya rubuta shi yana fushi da kai. Amma yana shiga ƙarƙashin kujera ba a gani. Mai shagon ya ce mini, "Wannan sabon ba ka danna komai. Da ya ji murya yake watsa ta da kansa. Hannu na sitiyari, baki na aiki."

Sayi mai Walƙiya. Kada ka nemi ƙarin bayani kan maganar mai shago.

Mataki na 3: Zama miji nagari ba zato ba tsammani

Matata malamar lissafi ce a sakandare. Shekara goma sha ɗaya tana bin bas kafin ta sayi 'yar motarta, kuma har yanzu sai ta kakkaɓe takalmi take shiga. Na same ta tana gyaran takardun jarrabawa na ce, "Malama, daga yau ni zan riƙa wanke miki mota duk Asabar."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Me ka fasa?"

Kada ka amsa irin wannan tambayar. Ka yi wankin da gaske, don a yarda da kai. Ni har taya nake cirewa in wanke bayanta in mayar.

Mataki na 4: Girka shi, ka ba eriya wani suna

Kai motar wurin mai gyaran wayoyin mota, ka ce ya haɗa rediyon da makulli, ana tayar da mota ya kunna kansa. Tura shi ƙarƙashin kujerar direba. Murɗe ƙarar har ƙasa, don kada wani ya yi sallama daga ƙarƙashin matarka tana tuƙi.

Eriya ce matsala, don ba ta ɓoyuwa. Tawa ta kai tsawon sandar shanya. Da Malama ta fito ta gan ta a kan rufi, na ce maganin tsawa ce, yanzu duk motocin zamani suna da ita.

Ta ce, "To."

In malamar lissafi ta ce maka "to" ba ta ƙara komai ba, ɗauka ka ci nasara. Ni haka na ɗauka. Ranar Asabar na zauna cikin mota a ƙofar gida, soso a hannu, na ɗaga ƙara na kira ƙungiya. Da Gajeren Zango ya amsa, "An ji ka, Mai Mita, oba," sai da na sa ya maimaita.

Mataki na 5: Kada ka yi mamaki in abokanka suka zama masu duba

A taro na gaba mai kantin magani ya ja ni gefe ya miƙo mini 'yar kwalba. "Ɗiga a hanci kafin ka kwanta. Yana rage minshari."

Tela ya dubi wandona ya girgiza kai. "Ruwan ƙasan nan dai ka haƙura da shi. Shekara tara ai ya yi ƙoƙari."

Gajeren Zango kuma da za mu rabu ya ce, "Ka mayar wa yayar Malama tsaninta. Ba girmanka ba ne."

Na koma gida ina cewa lallai oba-oba tana buɗe wa mutum basira.

Ga abin da ban sani ba. Kullum bakwai da kwata Malama tana ɗaukar yayarta, wadda ke aiki a asibitin da ke kan hanyarta, su tafi suna hira. Mai Walƙiya kuwa yana cika alƙawarin mai shago. Maza goma sha ɗaya kowa yana manne da rediyonsa. Tela ya daina buɗe shago sai takwas. Ba wanda ya gaya mini, don Gajeren Zango ya yanke hukunci cewa doka ta hana katse tashar da ba ta rufe maganarta da cewa "oba" ba, ita kuwa Malama ba ta taɓa cewa ba.

Mataki na 6: In bakanike ya zo da babur, hau

Talatar mako na uku ina shan shayi sai ga bakanike a ƙofa, ko kashe babur bai yi ba.

"Hau. Tayar Malama ta gaba za ta fita, notinta sun kwance."

"A ina ka gan ta?"

"Ban gan ta ba, jin ta nake yi." Ya miƙo mini ƙaramar oba-obarsa ta hannu. Na kara a kunne, sai ga muryar matata tangaran, da wani ƙwas-ƙwas a ƙarƙashinta: "Kai mai tankar ruwa, titin gadonka ne?"

Na kira wayarta sau huɗu. Malama ba ta ɗaukar waya in tana tuƙi. Na hau.

Shekara shida da kafa ƙungiyarmu, ba mu taɓa yin abin da ya wuce tambayar juna ko ana ji ba. Ran nan Gajeren Zango ya kwashe kowa zuwa tasha ta biyu ya shiga ba da umarni. Malama da kanta take nuna hanya ba ta sani ba. In ta yi wa mai tanka faɗa, wani ya ce ya ga tankar a gidan mai. In ta ce ramin nan har yau ba a cike shi ba, mutum uku su faɗi ramin.

Ina bayan babur, rediyo a kunne, sai na ji yayarta ta ce, "Ke wai akwatin nan nasa da ke ƙarƙashinki, ba za ki fitar ba?"

"Bar shi, Yaya. Tun ranar farko na sani, kujera ta daina ja baya. Mutumin nan shekara talatin yana shiga gidajen mutane ana sakar masa kare, yanzu ko karen ba ya samu. Ba mai nemansa. Ranar Asabar ina leƙensa ta taga, yana zaune yana ta 'oba, oba,' yana dariya shi kaɗai. Na manta rabon da in ga haƙoransa haka."

Bakanike ya ji, don rediyon na kusa da ƙeyarsa. Bai waiwayo ba, ya dai ƙara wuta. Riƙe irin wannan abokin.

Mataki na 7: Tsayar da ita cikin ladabi

Mun cim mata daf da gada. Motoci bakwai masu doguwar eriya suka zagaye ta a hankali har ta gangara gefe. Bakanike ya durƙusa gaban tayar, wadda nake cirewa in wanke duk Asabar. Noti biyu babu su, biyun da suka rage da yatsa ya warware su. Ya ɗago ya dube ni, na dubi gada.

Malama ta fito tana gyara mayafi, ba ta san kowa ba sai ni. Tela, don ya kwantar mata da hankali, ya matso ya rusuna. "Sannu Malama. Ya ƙafar Inna? An samu maganin kuwa?"

"A ina ka san Inna?"

Gajeren Zango ya cire hula ya yi bayani tun daga mai shago. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni.

"Tun yaushe?"

"Mako uku, in ji su."

"Har da ranar Alhamis?"

Maza goma sha ɗaya suka sunkuyar da kai. Yayarta ta koma cikin mota ta ja gilashi. Har yau ba wanda ya yarda ya gaya mini abin da aka faɗa ranar Alhamis.

Mataki na 8: Karɓi sakamako

Kwana tara ba ta yi mini magana ba sai a rubuce. Ran na goma na ga takarda a kan firji: "Ina littafin jarrabawar lasisi?" Zama ɗaya ta yi ta ci.

Ranar Asabar ta bi ni taro da allo da alli. Ta jera kamfanonin uku, ta auna nauyi da zafi da cin batir, ta nuna da lissafi cewa in mai Shaho ya ci gaba a haka jikokinmu ne za su gan shi. Ta zaɓi mai Kunkuru, ta kuma gano aikin sabon maɓallin: kulle baki yake yi. Motar tana ɗan karkata, ta ce ta yafe.

Mai Walƙiya ta kashe masa jin murya ta ɗora shi a tagar kicin da tsohon batir. Yanzu ana nemana kullum, Malama ce ke kira daga mota. "Mai Mita, hadari ya haɗo, kwashe shanya. Oba." In na ce "An ji, oba," bayan minti biyar tela ya shigo tashar ya tambaya ko har da tawul.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan ya bi ne da ƙafarsa. Ba ruwana da tayarka, da aurenka, da abin da surukarka za ta ji a bakin baƙo. Ba ruwan mai shago, don gaskiya ya faɗa. Mai ƙorafi ya kai wa sabuwar shugabar ƙungiya, wato Malama. Makon jiya aka yi zaɓe, ta samu ƙuri'a goma sha biyu cikin goma sha uku, har da tawa. Ɗayar da ta rage sunana ne a kai, da jan biro, irin na gyaran jarrabawa.